Kyautar Mutum Ɗaya Ba Ta Sayen Gumin Mutum Dubu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa, Ya sanya dukiyar kowane mutum abar kiyayewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a garuruwanmu na gundumar Magarya da gundumar Dungas, tun daga Bande da Waca da Sasumburum har zuwa Dogo-Dogo da Malawa, akwai ƴaƴanmu da ƙannenmu waɗanda ɗaukar hoto ita ce sana'ar da suke ci da ita. Su ke ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa, da na fasfon maniyyata, da na takardun jarrabawar ɗalibai, su ne kuma ake kira ranar biki da ranar suna. Tun da wayar salula mai ɗaukar hoto ta yaɗu, yawansu ya ƙaru ƙwarai. A kan wannan waya ne sanarwar gasar hotuna ke iske su, ta WhatsApp ko ta Facebook, daga kamfanoni da ƙungiyoyi na gida da na waje masu neman hotunan noma, ko ruwa, ko kiwo, ko al'adun gargajiya. Ƙasarmu kuwa tana da abin da suke nema: gonaki cike da itatuwan gawo, da rake a fadamun Korama, da garken dabbobi da ake korawa zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

A saman sanarwar akan rubuta kyauta da manyan baƙaƙe: kuɗi, ko na'urar ɗaukar hoto, ko tafiya wata ƙasa. A can ƙasa kuwa, da ƙananan baƙaƙe cikin Faransanci ko Ingilishi, akan jera sharuɗɗa. A cikin gasa da yawa sharuɗɗan na adalci ne. Amma a cikin wasu za ka iske an ce duk wanda ya aiko da hoto, ya ci ko bai ci ba, ya ba masu gasar ikon yin amfani da shi a ko'ina cikin duniya, har abada, ba da biyan ko sisi ba. Suna iya yanke shi, su canza shi, su sa shi a talla, su sayar wa wani, ba lalle ne su ambaci sunan mai shi ba. Idan kuma wani ya kai ƙara saboda hoton, mai ɗaukar ne zai ɗauki nauyin shari'ar. Tambayar da ke gabanmu ita ce: tun da yaron ya danna alamar yarda da hannunsa, shin abin da aka karɓa daga gare shi ya halatta ga wanda ya karɓa?

Kafin mu shiga amsa, mun sani cewa malamai sun yi saɓani a kan hoton na'ura na abu mai rai. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya kuma rasu a 1935, ya rubuta littafi a kan halaccinsa. Shehu Abdul'aziz bin Baz ya tafi a kan hana shi sai da lalura. Hoton gona da itace da rijiya kuwa ba a yi jayayya a kansa ba. Warware wannan saɓani ba shi ne manufarmu a nan ba. Abin lura shi ne, wanda yake ganin hoto haram ne, abin da ya dace da shi shi ne ya nisance shi. Amma wanda ya karɓi hoto ya yi talla da shi ya samu riba, ba shi da bakin cewa abin ba shi da daraja a lokacin da mai shi ya zo neman haƙƙinsa.

Shin hoto dukiya ne?

Wani zai ce: me aka ɗauke masa, alhali hotonsa yana nan cikin wayarsa? Amsa ita ce, abin da ke da daraja a hoto shi ne ikon cewa wa zai yi amfani da shi, a ina, kuma a kan nawa. Mai hoton da ya hau babur tun asuba zuwa wani ƙauye, ya sayi mai, ya jira hasken da ya dace, ya roƙi izinin mutane, bayan shekarun da ya yi yana koyon sana'ar, ya zuba gumi da kuɗi kamar yadda manomi yake zubawa. Ranar da ikon ya koma hannun wani, idan jarida ko wata ƙungiya ta nemi hoton da kuɗinta, wani ne zai karɓa.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke da mazauni a Jidda, ta duba wannan mas'ala a zamanta na 5 a Kuwait, cikin watan Disamba 1988. A ƙudurinta mai lamba 43 ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da haƙƙin ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya a al'adar wannan zamani, Shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Nijar ta kafa ofishin kula da haƙƙin mawallafa, wato BNDA, a 1995, ta kuma sabunta dokar haƙƙin mallaka a watan Disamba 2010. Tana cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a Yarjejeniyar Bangi ta 1977, tana kuma cikin Yarjejeniyar Berne da aka ƙulla tun 1886, wadda a ƙarƙashinta haƙƙin mai aiki yake tabbata daga lokacin da ya yi aikin, ko bai yi rajista a wani ofishi ba. Saboda haka yaron da ya ɗauki hoto a Yekuwa yana da haƙƙi irin na wanda ya ɗauka a birnin Paris.

Yarda da ba a san abin da aka yarda da shi ba

Babbar hujjar masu irin waɗannan sharuɗɗa ita ce ba su tilasta wa kowa ba. Haƙiƙa Musulunci ya girmama alkawari. Farkon Suratul Ma'ida umurni ne da cika ƙulle-ƙullen alkawari, kuma ya zo a hadisin Tirmizi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka gindaya. Sai dai hadisin nan da kansa ya keɓe sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. A ƙissar Barira kuma, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha (R.A.), iyayengijin baiwar sun gindaya sharaɗin da zai ba su haƙƙin da ba nasu ba, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya ɓata shi, ya bayyana cewa sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah ɓatacce ne komai yawan maimaita shi. Ashe rubuta sharaɗi a takarda, da samun wanda ya sa hannu, ba su isa su mai da shi gaskiya ba.

Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta halatta cinikin da aka yi bisa yardar ɓangarorin biyu. To, yarda ta gaskiya tana bukatar sani. Yaron da ya bar makaranta tun a firamare, ko almajirin da ajami ya iya, aka miƙa masa shafi biyar na Faransancin lauyoyi a kan ƙaramin allon waya, da me ya yarda? Shi dai ya yarda ya shiga gasa. Mai rubuta sharaɗin kuwa ya san da haka, domin da yana son a gane, da ya rubuta shi da manyan baƙaƙe kamar yadda ya rubuta kyautar.

Mu mutanen karkara mun san wannan dabara tun kafin zuwan waya. Mun san masu tare manomi a bakin hanya ranar kasuwa, su saye gyaɗarsa ko wakensa kafin ya isa ya ji farashi. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana tarbar masu kawo kaya kafin su isa kasuwa, kuma a ruwayar Muslim an ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa. Ku lura, manomin nan ya yarda, ya karɓi kuɗi da hannunsa, amma duk da haka aka ba shi zaɓi, saboda an gina yardarsa a kan rashin saninsa. Mai hoton Dungas da bai san nawa kamfanonin talla ke biya a kan hoto ɗaya ba, shi ma an tare shi ne kafin ya isa kasuwa.

Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta yi magana a kan irin ƙullin da ɓangare ɗaya ke rubuta dukkan sharuɗɗansa, ɗayan kuwa sai dai ya karɓa ko ya bari. A zamanta na 14 a Doha, cikin Janairu 2003, ta raba shi gida biyu: wanda farashinsa na adalci ne kuma babu sharaɗin zalunci a ciki, wannan ingantacce ne, da wanda ya ƙunshi zaluntar mai rauni, wannan wajibi ne hukuma ta sa baki ta gyara shi. Ko da yake maganarsu ta fi shafar abubuwan da jama'a ba su da makawa daga gare su, kamar ruwa da lantarki, ma'aunin da suka auna da shi ya isa ya nuna mana cewa sa hannun mai rauni ba ya wanke sharaɗin zalunci.

Darasin mai haƙa rijiya

Idan muka nemi gurbin gasa a littattafan fiƙihu, ta fi kusa da babin ji'ala, wadda ta yi kama da abin da muke kira jinga: mutum ya ce duk wanda ya samo mini raƙumina da ya ɓace yana da kaza. Wanda ya samo ya karɓi lada, wanda ya yi yawo bai samo ba ba shi da komai, kuma ba a zalunce shi ba, domin mai raƙumi bai amfana da yawonsa ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi wani sharaɗi mai zurfi a nan, wato kada mai alkawarin ya kasance yana amfana da aikin wanda bai kai ga lada ba. Shi ya sa suka ce ba a yin ji'ala a kan haƙa rijiya a cikin filin mai alkawarin, domin idan mai haƙa ya gaji ya bari kafin ya kai ruwa, mai fili ya samu rami a banza. Suka ƙara da cewa idan mai alkawarin ya ɗauko wani ya ƙarasa aikin, to na farko yana da rabo gwargwadon amfanin da aka yi da guminsa.

Yanzu mu auna gasar da wannan ma'auni. A ƙaddara mutum 1,000 suka shiga, kowa ya aika da hoto 3, ga hotuna 3,000 ke nan. A ƙaddara kyautar jika 300 ce ta kuɗin sefa, aka ba mutum ɗaya. Idan masu gasar sun riƙe ikon dukkan hotunan, to kowane hoto ya zo musu a kan dala 20, kuma mutum 999 ba su ga ko wannan dala 20 ɗin ba. An haƙa rijiya 999 a filin mutum ɗaya, ya sha ruwansu, ya ce bai ci bashin kowa ba tun da ba su ci gasa ba. Wanda bai ci ba, babu laifi a hana shi kyauta, amma sai a mayar masa da kayansa. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi mai ambaton mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Canza wa aikin suna zuwa gasa ba zai fid da mutum daga wannan gargaɗi ba.

Abin ya fi muni idan an sa kuɗin shiga. A zaman nan na Doha, Majalisar ta yanke cewa gasar da kuɗin masu shiga, duka ko wani sashe, yake shiga cikin kyautar, nau'i ce ta caca. Sai ya zama yaro ya biya daga aljihunsa, an haɗa kyautar wani da kuɗinsa, sannan an tafi da hotonsa.

Amanar waɗanda ke cikin hoton

Akwai wani haƙƙi na uku da ake mantawa da shi. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya, kuma duniya ta ga hotunan yaranmu marasa lafiya da iyayensu mata ba adadi. Matar da ta yarda ɗan garinsu ya ɗauke ta a bakin rijiya ko a gadon asibiti, ta yarda ne saboda ta san shi, ta san gidansu. Idan ya sa hannu a kan sharaɗin da ya ba baƙo ikon canza hoton da sayar da shi har abada, ya ba da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Gobe idan fuskarta ta fito a tallan abin da ba ta yarda da shi ba, shi za a tare a kasuwa, kuma sharaɗin ya riga ya ce shi zai ɗauki nauyi. Saboda haka mai hoton da ya tsare haƙƙinsa, mutuncin maƙwabtansa ma yake tsarewa.

Abin da ya faru a Bamako

Kada wani ya ce hoton ƙauye ba zai taɓa yin daraja ba. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 yana ɗaukar mutanen gari kamar yadda namu suke yi. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York na Amurka, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Daga baya aka bi sawu aka gano shi, aka tafi Faransa da ɗaruruwan fina-finan da ake wanke hotunan daga gare su, aka buga su manya-manya, ana sayar da guda a kan dubban daloli. Ya samu suna da rabo a ƙarshen rayuwarsa, amma kafin rasuwarsa a 2001 saɓani ya tashi a kan wa ke da iko da fina-finan, har maganar ta kai kotu bayan ba ya duniya. Wannan ba gasa ba ce, amma darasi biyu ne a cikinta ga mai shiga gasa: darajar hoto takan bayyana bayan shekara arba'in, kuma abin da ba a fayyace a rubuce ba tun farko, magada ne ke shan wahalarsa. Wanda ya sa hannu a kan kalmar har abada ya sayar da abin da shi kansa bai san ƙimarsa ba, ga shi kuwa Muslim ya ruwaito hani ga cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da ake bayarwa ko ake karɓa ba.

Adalci ga masu shirya gasa

Wajibi ne mu yi musu adalci su ma. Mai shirya gasa yana kashe kuɗi, kuma ba zai iya nuna hotunan da suka yi nasara ba sai da izinin masu su. Gasa ta gaskiya takan fito da yaron da ba wanda ya san shi. Don haka neman izini ba laifi ba ne, muddin an tsaya a kan gwargwadon bukata. Masu ɗaukar hoto a Ingila sun yi wani yunƙuri mai suna Artists' Bill of Rights, suna auna sharuɗɗan gasa suna bayyana masu kyau da marasa kyau, kuma abin da suka nema bai wuce abin da hankali da Shari'a za su karɓa ba: mallakar hoto ta zauna a hannun mai shi, a riƙa ambaton sunansa, izinin ya tsaya ga tallata gasar kanta, a sa masa wa'adi, duk wani amfani na kasuwanci a dawo a yi ciniki dabam.

Haka kuma mutum yana da ikon ya yi kyauta da dukiyarsa. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, tana bayyana tun farko cewa duk hoton da aka sa, kowa a duniya yana iya amfani da shi, har a kasuwanci, bisa sharaɗin a ambaci mai shi, kuma ba a janye wannan izini daga baya. Wanda ya fahimci haka ya ga yana so ya ba da hoton garinsu don amfanin ilimi, ya yi kyauta da saninsa, mallakarsa da sunansa suna nan. Bambancin kyauta da ƙwace shi ne sanin mai bayarwa da daɗin ransa.

Abin da ya hau kanmu

Ga ƴaƴanmu masu hoto: kada ka danna yarda sai ka san amsar tambaya huɗu. Wa zai mallaki hoton bayan gasa? A ina za a yi amfani da shi, kuma har zuwa yaushe? Za a ambaci sunana? Wanda bai ci ba, me zai faru da hotonsa? Idan ba ka iya karantawa ba, kai wa malamin makaranta ko wani amintacce ya fassara maka. Ka adana asalin hotonka, ka kuma adana hoton sharuɗɗan kamar yadda suke ranar da ka shiga. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin kunya ba ne.

Ga ƴan'uwanmu ma'aikatan ƙungiyoyi da ofisoshin magajin gari da kamfanoni, waɗanda ake ba aikin shirya irin wannan gasa: kada ka kwafo sharuɗɗa daga intanet ka liƙa ba ka duba ba. Ka fassara su da Hausa, a karanta su a rediyon gari, ka nemi abin da kake bukata kaɗai. Idan hotuna ƙungiyarku take so, ta ɗauki mai hoto aiki ta biya shi.

Ga sauran jama'a kuwa, mu dubi kanmu kafin mu zargi na nesa. Ɗan kasuwar da ya ɗauki hoton wani ya buga a allon shagonsa, da ɗan siyasar da ya sa shi a takardar neman ƙuri'a, da mai bikin da ya karɓi hotuna ya ce a dawo gobe har shekara ta zagayo, da wanda ya goge sunan mai hoto kafin ya tura wa abokai, duk sun ɗebi ruwa a rijiyar da ba su biya mai haƙa ta ba. Ƙanƙantar haƙƙi ba ta sa a yafe shi, sai mai shi ya yafe, kuma neman yafewa a yau, da biyan abin da ya sawwaƙa, ya fi sauƙi bisa biya da kyawawan ayyuka a ranar da babu sefa babu naira.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa albarka a sana'o'in ƴaƴanmu, Ya ciyar da mu halal. Allah ne Mafi sani.